Rami, Huda, Kafa: Yadda Ake Kiransu a Zangon Agege

Wanda ya zauna cikin 'yan goro a Zangon Agege zai ji Bahaushe ba ya kiran kowane buɗaɗɗen wuri da suna ɗaya. Yakan duba ne: yana da gindi, ko ya fasa ya fita?

Rami yana da gindi. Shi ake haƙawa, shi ruwan damina ke bari a kan titi, mota ta faɗa. Huda kuwa sai abu ya ratsa. Allura ta huda kunne, ƙusa ta huda taya, bokiti ya huje ko ya ɓule. Fataken da suka riƙa loda goro a tashar Agege, bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, sun fi kowa tsoron huda. Ƙwaro kan shiga goro ya ci cikinsa, ya bar 'yar alama a baya. Wannan ɓarna ita ce sankara, kuma ana tsince mai ita kafin a ɗaure huhu, don kada ta kama saura. Sunan nan ne yau likitoci ke kiran ciwon daji da shi.

Kafa ta fi su wuyar kamawa. Ba ƙafar tafiya ba ce. Lanƙwasar harafi ɗaya ta raba su, masu rubutu a waya kuma kullum suna tauye ta. Kafa 'yar siririyar hanya ce, kamar kafar hanci da kafar allura. Daga nan ta yi nisa, har rediyo da jarida suka zama kafofin watsa labarai, mai neman aiki kuma a ce yana neman kafa.

Ƙofa ita ce buɗin kanta, abin da ke rufe ta ƙyaure ne, ko da yake yaran Agege kan haɗa su duka su ce ƙofa. Giɓi da gurbi suna nuna abin da ya tashi: haƙori ya fita ya bar giɓi, mai muƙami ya sauka a cike gurbinsa.

Sai kwata. Idan mahauci ya ce ya tafi kwata, mayankar Oko-Oba yake nufi. Idan mai gida ya ce kwata ta toshe, lambatun ƙofar gidansa ne ya cika da leda, a nemo shebur tun hadari bai haɗu ba.