Kalmar "fair": daga kyan gani zuwa adalci

Yaro ya kawo wa mahaifinsa katin sakamakon jarrabawa, a gaban lissafi malam ya rubuta "fair". Da yamma mahaifin ya ji a rediyo ana kiran a yi zaɓe "free and fair". Washegari kuma ya ga cigiya a jarida, an kwatanta wanda ya ɓata da "fair in complexion". A katin, kalmar tana nufin ba yabo ba fallasa, a rediyo adalci, a cigiya kuwa hasken fata. Wanda ya ruɗe bai yi laifi ba, amma in aka bi sawunta daga tushe za a ga ma'anonin nan 'yan gida ɗaya ne.

A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, ana rubuta ta "fæger", ma'anarta kuwa kyakkyawa, abin da ido ke jin daɗin kallo. Har yau mutanen Suwidin da Norwe suna da 'yar'uwarta "fager" mai wannan ma'ana. To, kyau shi ne tushe.

Daga nan sai ta fara yin rassa. A ƙasar da ruwa ke sauka kusan kowane wata, ranar da gari ya washe babu hadari ita ce kyakkyawa, shi ya sa suke cewa "fair weather". Rubutun da aka sake kwafewa tsaf babu gogewa kuma "fair copy". A lura, kyau ya soma komawa rashin tabo, kuma a nan mabuɗin yake. Da zarar kalma ta ɗauki ma'anar abin da ba shi da tabo, ba wuya a kai ta ga hali: ciniki babu algus, hukunci babu son kai, wasa babu maguɗi. Bahaushe ma wannan hanyar ya bi. Daga kyau muka sami kyautatawa, kuma idan an zalunci mutum cewa yake yi ba a kyauta masa ba.

Wannan reshe na adalci shi ne ya fi ƙarfi a yau. Furucin "fair play" yana cikin wasannin Shakespeare tun fiye da shekara 400 da suka wuce, kuma yanzu ya zama doka a ƙwallon ƙafa. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Japan da Senegal sun yi kunnen doki a maki da yawan ƙwallaye, sai aka ƙirga katin gargaɗi: Senegal 6, Japan 4. Da haka Japan ta wuce.

Reshen hasken fata ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Mutanen Ingila na dauri sun ɗauki gashi mai ruwan zinariya da farar fata a matsayin kyau, don haka kalmar kyau ta manne wa haske. Ra'ayin wasu mutane ne a wani zamani, harshensu ya adana shi. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan tsohon ra'ayi ya bi kwalaben mai ya shigo har ɗakunan 'yan matanmu, suna bilicin suna lalata fatar da Allah ya ba su. Kamfanin Unilever da kansa ya cire kalmar daga sunan mansa Fair & Lovely a 2020, ya mai da shi Glow & Lovely.

Ma'anar da ke katin jarrabawa kuwa ita ce auta. Kalmar yabo tana lalacewa da yawan amfani, har ta sauko daga kyakkyawa zuwa dama-dama, kamar yadda mukan ce "ba laifi".

Saura guda da takan rikita mutane. "Fair" ɗin da ke cikin "trade fair", irin baje kolin da ake yi a Kaduna, ba 'yar gidan nan ba ce ko kaɗan. Ita daga Latin "feria" ta fito ta hanyar Faransanci, ma'anarta ranar biki, domin a irin ranakun nan ne manyan kasuwannin Turai ke ci.