Kanta da Jiragen Ruwa

Ƙasar Kabi ƙasa ce ta gulabe da fadamu. Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta Jega, yana haɗuwa da Gulbin Kabi, sa'an nan su zuba cikin Kwara. Da damina ruwa yakan cika fadamun nan har doki ya kasa ratsawa. Saboda haka a zamanin dā, wanda ya mallaki jirage shi ya mallaki hanya.

Kanta, Sarkin Kabi, ya gane wannan sarai. Da fari yana bin Askiya Muhammadu na Songai, har ya raka shi yaƙin Agadas. Da suka komo sai gardama ta tashi a kan rabon ganima, Kanta ya yi tawaye wajen shekara ta 1516. Ya zauna a Surame, birni mai ganuwar duwatsu. An ce yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi, da shi yakan zaga ƙasarsa in ruwa ya kawo.

Jiragen wancan zamani ba su da inji, da yawansu ƙarfinsu damtsen matuƙa ne. Ko a Bahar Rum haka abin yake. A shekara ta 1528, da jiragen Faransa suka ci na Sifen da yaƙi kusa da birnin Nafuli, mutane ne ke jan su da filafilai, sai dai su suna ɗauke da igwa.

Songai ma tana da jirage, shugabansu ana ce da shi Hi-koi. Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537, ya kawo wa Kabi yaƙi, Kabawa suka fatattake shi a Wantarmasa. Littafin Tarihin Sudan ya nuna cewa a wajen gudu sun faɗa cikin fadama, sai da Hi-koi ya saɓa Askiya a wuya kāna ya tsira.

Har Songai ta faɗi a hannun Maroko a 1591 ba ta sake mallakar Kabi ba. Baƙo ya zo da dawaki, ɗan ƙasa kuwa ya san mashigi. Gaskiyar Hausawa, kifi a ruwa sarki ne.

Tambayoyi
1. Me ya raba Kanta da Askiya?
2. Don me fadama ta zama garkuwar Kabawa?