Maɓalli Uku Sun Ishi Manomin Bakalori

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun suka ƙara sabawa da tura kuɗi ta waya. Mai ƙaramar waya yana danna lamba irin *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, ya bi jerin zaɓi. Mai babbar waya kuwa yana iya hira da manhajar da ke amsa saƙo da kanta, kamar Leo da bankin UBA ya ƙaddamar a 2018. Ko wacce aka ɗauka, amfaninta yana ga yadda aka jera abin da mutum zai danna.

Sharaɗin farko shi ne taƙaitawa. WhatsApp bai yarda a sa maɓallan amsa fiye da 3 a saƙo ɗaya ba, kowanne kada ya wuce haruffa 20, jerin zaɓi kuma iyakarsa 10. Wannan ƙunci alheri ne. A ce dillalin taki a yankin noman rani na Bakalori ya buɗe irin wannan manhaja. Manomin shinkafa da ke tsaye a bakin gona, hannu duk laka, rana na dukan fuskar waya, abu uku yake nema: "Farashin taki", "Ina son saye", "Magana da mutum". Tarihin shago da doguwar gaisuwa su koma baya.

Na biyu, a rage matakai. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kowane danni jira ne, lambar banki kuma tana katsewa in an yi jinkiri, sai a koma farko.

Na uku, maɓalli ya zauna wuri ɗaya. Wanda karatun boko bai ishe shi ba yana haddace wuri ne: na sama farashi, na ƙasa magana da mutum. Ranar da aka sauya jerin, an ɓatar da shi.

Inda kuɗi zai fita kuwa, gaggawa aikin shaiɗan ce. A nuna sunan mai karɓa da adadin kuɗin, a nemi tabbaci, a bar hanyar fasawa a fili.

Kafin a saki manhaja, a miƙa wayar ga dattijo ranar kasuwa, a yi shiru a kalle shi. Duk inda yatsansa ya tsaya yana kokwanto, nan gyara yake.