Yadda koci ke gina salon kai hari a kan baiwar 'yan wasansa: darasi daga Spalletti da Osimhen a Napoli

A gidajen kallon ƙwallo na Maraɗi, Garwa, Kumasi ko Njamena, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa. Ɗan wasa zai riƙa cin ƙwallaye duk mako a kulob ɗinsa na Turai, amma da ya zo buga wa ƙasarsa ko ya koma wani kulob ɗin, sai a neme shi a rasa. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce ba shi da kishi. Sau da yawa kuwa amsar tana ga tsarin da mai horarwa ya shimfiɗa: shin an gina wasan ne a kan abin da ɗan wasan ya fi ƙwarewa a kai, ko kuwa an tilasta masa shiga rigar da ba tasa ba?

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili shi ne na kocin nan ɗan Italiya Luciano Spalletti, wanda ya lashe gasar Serie A da Napoli a 2023, tare da Victor Osimhen na Najeriya da André-Frank Zambo Anguissa na Kamaru.

Koci ɗaya, salo daban-daban

'Yan wasa huɗu ne suka zama zakarun cin ƙwallo na Serie A a ƙarƙashin Spalletti. Francesco Totti ya ci 26 a Roma a kakar 2006/07. Edin Dzeko ya ci 29 a Roma a 2016/17. Mauro Icardi ya ci 29 a Inter a 2017/18, inda ya yi kunnen doki da Ciro Immobile na Lazio. Sai Osimhen da ya ci 26 a Napoli a 2022/23.

Waɗannan mutum huɗu ba su yi kama da juna ba. Totti gwanin rarraba ƙwallo ne. Dzeko dogo ne mai iya karɓar ƙwallo ya riƙe ta, mai tsaron baya na manne da shi. Icardi ba ya yawan taɓa ƙwallo, yana laɓe ne kusa da raga yana jiran dama. Osimhen kuwa gudu da tsalle da ƙarfin jiki ne makamansa. Da a ce tsari ɗaya Spalletti ya riƙe ya ƙi sauyawa, da wuya dukkansu su kai ga wannan matsayi.

A ƙarshen 2005, rauni ya hana Roma amfani da 'yan wasanta na gaba. Maimakon ya tura wani ya cike gurbin lamba tara ko ta halin ƙaƙa, sai Spalletti ya sa Totti a wurin, amma ya ba shi damar komowa tsakiyar fili kamar yadda ya saba. Hakan ya jefa masu tsaron bayan abokan karawa cikin ruɗani. In sun bi Totti, sun bar ƙofa a buɗe, Simone Perrotta da 'yan wasan gefe su kutsa. In sun tsaya, Totti ya samu sararin juyawa ya ba da ƙwallo ko ya buga. A wannan kakar Roma ta yi nasara a wasanni 11 a jere a Serie A.

Abin da ya samu a Napoli

Spalletti ya karɓi Napoli a 2021, shekara ɗaya bayan kulob ɗin ya sayo Osimhen daga Lille ta Faransa. A tsakiyar 2022 manyan 'yan wasan ƙungiyar suka tafi: kyaftin Lorenzo Insigne, da Dries Mertens wanda ya fi kowa ci wa Napoli ƙwallo a tarihi, da Kalidou Koulibaly na Senegal, da Fabián Ruiz. Masu sharhi da dama sun ɗauka ƙungiyar za ta ja baya.

Insigne da Mertens gajeru ne masu son a ba su ƙwallo a ƙafa, su yi ba-ni-in-ba-ka a ɗan ƙaramin wuri. Osimhen kuwa so yake a jefa masa ƙwallo gaba ya bi ta da gudu, ko a ɗaga masa ita sama ya sa kai. Tafiyarsu ta ba kocin damar karkata harin ƙungiyar gaba ɗaya zuwa ga abin da Osimhen ya iya. Kulob ɗin ya kuma ɗauko Khvicha Kvaratskhelia, matashi ɗan ƙasar Jojiya mai shekara 21 daga Dinamo Batumi, wanda kusan babu wanda ya san shi a Italiya a lokacin.

Yadda aka raba aikin

A takarda tsarin Napoli 4-3-3 ne: huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba. Sai dai lambobin ba su faɗi komai game da aikin da aka ɗora wa kowane mutum ba.

Aikin Osimhen na farko shi ne ya tsaya daf da mai tsaron baya na ƙarshe, yana barazanar tserewa ta bayansa. Saboda tsoron gudunsa, masu tsaron baya sukan ja da baya zuwa kusa da ragarsu. Da zarar sun ja, sai tazara ta buɗe tsakaninsu da 'yan tsakiyarsu, kuma a wannan tazarar ce Piotr Zielinski da Anguissa ke karɓar ƙwallo. Ke nan Osimhen yana samar wa abokansa fili ko da bai taɓa ƙwallo ba.

Idan kuma abokan karawa suka matso gaba don hana Napoli fara wasa daga baya, to sun bar fili a bayansu. Nan mai tsaron raga ko ɗaya daga cikin 'yan baya zai cilla doguwar ƙwallo Osimhen ya bi ta. Duk wanda suka zaɓa cikin biyun, akwai abin da zai biyo baya.

Kvaratskhelia gwani ne wajen yanke mutum idan suka haɗu su biyu kaɗai. Don haka Napoli kan tara wasa a ɓangaren dama, inda kyaftin Giovanni Di Lorenzo da Anguissa da Matteo Politano ko Hirving Lozano ke musayar ƙwallo, har abokan karawa su karkato can. Daga nan sai a juya ƙwallon da sauri zuwa hagu, inda ɗan Jojiyan ke jira da mai tsaron baya ɗaya tak a gabansa. In an turo mutum na biyu ya taimaka, to an rage masu gadin Osimhen a gaban raga.

A tsakiya, Stanislav Lobotka ɗan Slovakia ne ke riƙe da linzamin wasan. Gajere ne, amma ƙwace ƙwallo a ƙafarsa aiki ne, shi ya sa aka ajiye shi a gaban 'yan baya yana karɓa yana rarrabawa. Anguissa, haifaffen Yaoundé wanda ya zo daga Fulham, shi ne mai ƙarfin da ke cike abin da Lobotka ya rasa: yana ƙwato ƙwallo, yana kuma iya ɗaukarta ya ratsa tsakiyar fili. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wasan da ya fi nuna wannan tsari shi ne na ranar 13 ga Janairun 2023, lokacin da Napoli ta lallasa Juventus da ci 5-1. Juventus ta zo ne bayan ta ci wasanni takwas a jere a gasar ba tare da an zura mata ko ɗaya ba. Osimhen ya ci biyu, ɗaya daga ciki da ka bayan Kvaratskhelia ya ɗago masa ƙwallo, shi ma kuma ya ba Kvaratskhelia wadda ya ci.

Ranar 4 ga Mayun 2023, Osimhen ya farke ƙwallon da Udinese ta ci, aka tashi 1-1, abin da ya tabbatar wa Napoli kofin Serie A na farko tun 1990, zamanin Diego Maradona, ana saura wasa biyar a kammala gasar. Ta ƙare da maki 90, Osimhen ya zama ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a kakar Serie A, daga baya kuma hukumar CAF ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023.

Haɗarin da ke ciki

Gina hari a kan mutum ɗaya yana da nasa haɗarin, domin ranar da ba ya nan dole a nemi wata hanya. Osimhen ya ji rauni a wasan da Napoli ta doke Liverpool 4-1 a watan Satumban 2022, ya yi kusan wata guda yana jinya. Spalletti bai nemi Giacomo Raspadori ya kwaikwayi Osimhen ba. Ya bar shi yana komowa baya yana haɗa wasa, kusan irin aikin da Totti ya yi a Roma, kuma da haka Napoli ta je Amsterdam ta ci Ajax 6-1.

Amma dabarar ba ta yi aiki kullum ba. A watan Afrilun 2023, AC Milan ta je har gidan Napoli ta ci ta 4-0 lokacin da Osimhen ke jinya, sannan daga baya ta fitar da ita daga gasar Zakarun Turai a matakin kusa da na kusa da ƙarshe. Babu mai tsoratar da 'yan bayan Milan da gudu, don haka suka matso gaba suka toshe tsakiya.

Kakar da ta biyo baya ta ƙara fito da rawar koci. Spalletti ya bar kulob ɗin, daga baya ya karɓi tawagar Italiya. Mai tsaron baya Kim Min-jae ya koma Bayern Munich, amma Osimhen da Kvaratskhelia da Lobotka da Anguissa duk suna nan. Napoli ta yi koci uku a kaka ɗaya, ta ƙare a matsayi na 10.

Me ya sa abin ke sauyawa a tawagar ƙasa?

Kocin kulob yana tare da 'yan wasansa kusan kullum, kuma in ya ga giɓi yana iya neman a sayo masa wanda zai cike. Kocin tawagar ƙasa, ko ta Super Eagles ce ko Mena ta Nijar ko Sao ta Cadi, 'yan kwanaki kawai yake samu kafin wasa, kuma ba shi da kasuwar da zai je. Dole ya yi daidai ruwa daidai tsaki.

A gasar cin kofin Afirka da aka buga a Côte d'Ivoire a farkon 2024, kocin Najeriya José Peseiro ya koma amfani da masu tsaron baya uku bayan wasan farko, ya ƙarfafa tsaro, ya bar Osimhen yana yawan fafutuka shi kaɗai a gaba. Ƙwallo ɗaya Osimhen ya ci a gasar. Amma matsin da yake yi wa 'yan baya ne ya buɗe wa Ademola Lookman hanya. A wasan da Najeriya ta ci Kamaru 2-0, Osimhen ne ya ƙwace ƙwallo a ƙafar mai tsaron baya ya miƙa wa Lookman ya ci ta farko. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, inda mai masaukin baƙi ta doke ta 2-1.

Ɗan wasan bai sauya ba tsakanin Napoli da Abidjan, aikin da aka ba shi ne ya sauya. Ga mai horar da ƙungiyar unguwa ko ta makaranta ma, matakan ɗaya ne: ya fara gano abu ɗaya da kowane yaro ya fi iyawa, ya tsara yadda ƙwallo za ta riƙa isa gare shi a wurin da zai yi amfani da wannan baiwar, ya haɗa shi da wanda zai rufe rauninsa, sannan ya tanadi wata hanyar saboda ranar da gwanin ƙungiyar ba zai samu buga wasa ba.