Gudun Fanfalaki Cikin Zafi: Rana Ta Fi Jiran Dattijo

A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019, sai da aka jira tsakar dare kafin a saki mata masu gudun fanfalaki, don a kauce wa rana. Duk da haka zafin ya kai kusan digiri 32, iska kuma ta cika da danshi. Mata 68 suka tashi, 40 suka ƙarasa. Ƙwararru ne fa, masu jini a jika. To ina ga mai shekara sittin da ya ƙudura sai ya cinye kilomita 42 da mita 195?

Tsufa ba ya hana gudu. Ed Whitlock na Kanada ya gama wannan tazara cikin ƙasa da awa huɗu yana da shekara 85, amma a Toronto ne, a sanyin watan Oktoba. Zafi ne ke sauya lissafin.

Jiki na sanyaya kansa ne kamar randar ƙasa: ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi, sai sanyi ya shiga. Idan iskar da kanta a jiƙe take, gumi zai yi ta zuba bai bushe ba, zafin kuma ya tsaya a ciki. Shi ya sa Bakanon da ya saba da busasshen zafin Afrilu zai iya galabaita a gasar Legas da ake yi a Fabrairu. Da shekaru suka ja, gumi kan ragu kuma ya makara wajen fitowa, jinin da zuciya ke turawa fata ba ya kai na da, ƙishirwa ma ba ta saurin sanar da mutum.

Abin da aka fi mantawa shi ne agogo. Zakarun da suka tashi bayan asuba, cikin awa biyu da 'yan mintuna sun gama, sun sha ruwa, sun karɓi kyauta. Dattijon da zai yi awa biyar ko shida, shi ne rana za ta riska a tsakiyar ka, kwalta na huci ta ƙasan takalmi, hula ta jiƙe sharkaf, gishiri ya yi fari a wuyan riga. Hanya ɗaya suka bi, amma ba yanayi ɗaya suka sha ba.

Daɗewar nan ce ke jawo wani tarkon. Mai tafiya a hankali yakan tsaya kowane tebur ya ɗaga gora, har ruwa ya yi yawa ya tsarma gishirin jini. Kai ya yi ciwo, amai ya taso, yatsu su kumbura, abin ya iya kaiwa ga rasa rai. A sha kaɗan-kaɗan, a haɗa da mai gishiri da sukari, sauran a zuba a ka.

Mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, ya ga likita tun kafin ya sayi takalmi. Ibuprofen da diclofenac da wasu ke haɗiya don gwiwa kafin a tashi, a ganina ganganci ne: ƙoda ce ke biyan bashin. Jiki kuma yana bukatar kwana 10 zuwa 14 ana motsa shi cikin zafi sannu a hankali kafin ya saba.

Idan ka ga mai gudu yana tangaɗi, ka tambaye shi sunansa ya yi maka sambatu, kada ka ce masa "ƙarasa, Baba, saura kaɗan." A kwantar da shi a inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata tun kafin motar asibiti ta iso.