Yadda ake faɗin abin da ya wuce da Ingilishi

Ƴan kasuwa da direbobi masu zuwa Katsina da Kano suna ciniki da Hausa, amma takardun hukuma a Nijeriya da Gana da Ingilishi ake cika su. Saboda haka yana da amfani mutum ya san yadda zai faɗi abin da ya faru daidai.

Bahaushe yakan ce "na biya", ko jiya ya biya ko yanzun nan. Ingilishi kuwa hanya biyu gare shi: "I paid" da "I have paid". Kafin ku zaɓi ɗaya, ku tambayi kanku: shin lokacin da ake magana a kansa ya riga ya ƙare?

Idan ya ƙare, kamar jiya, bara ko wata shekara da aka ambata, sai hanya ta farko. "I paid yesterday", wato na biya jiya. "Niger became independent in 1960", wato Nijar ta samu ƴancin kai a 1960.

Idan ba a ambaci lokaci ba, kuma sakamakon aikin yana nan har yanzu, sai hanya ta biyu, mai "have" ko "has". Direban da aka tambaye shi kuɗin tasha zai ce "I have paid", wato na riga na biya, ba a bi na bashi.

Wanda ya iya Faransanci sai ya yi hattara. "J'ai payé hier" daidai ne, amma "I have paid yesterday" kuskure ne. Wannan hanyar ba ta haɗuwa da "yesterday" ko "last year".

Bambancin yana iya canza ma'ana baki ɗaya. "I lived in Kano for five years" na nufin na yi shekara 5 a Kano, amma na tashi. "I have lived in Kano for five years" na nufin shekarata 5 ke nan a Kano, kuma har yau ina can. Wanda ya musanya su a gaban ma'aikacin hukuma ya ba da adireshin da ba nasa ba.

Yawancin aikatau "ed" ake ƙara musu a ƙarshe: work, worked. Wasu kuwa sai an hardace su, kamar go, went, gone. Buy, bought, bought. Sell, sold, sold. Kalma ta biyu ta hanyar farko ce, ta uku kuma ita ke bin "have". A tambaya mai "did", aikatau yana komawa asalinsa: "Did you sell?", ba "Did you sold?" ba.

Ku rubuta jimla uku kan abin da kuka saya a kasuwar da ta wuce, da wasu uku kan aikin da kuka riga kuka gama, sa'an nan ku nuna wa malaminku ya duba.