Tsufa a Ƙetaren Komadugu: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ya Kwashe Kaya

Duk wanda ya daɗe a kasuwar Diffa ya san wannan zance. Da zarar gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara gajiya da ƙirgar kuɗi, sai mu ji mutum yana cewa shi kam ya kusa miƙa wa yara rumfa ya koma Maiduguri ko Kano ya huta, tunda a can sefa tana da auki. Wata kuma ta ce ita burinta ta sayar da ɗan abin da ta tara, ta tafi Makka ta ƙarasa sauran kwanakinta kusa da ɗakin Allah. Buri ne mai kyau, kuma babu mai ganin laifin wanda ya sha rana shekara 40 don ya nemi inuwa. Sai dai mu ƴan kasuwa mun san cewa ba a sayen buhun tattasai sai an zura hannu an ga na ƙasa. To, haka ya kamata mu yi wa wannan buri, domin abin da za a sa a ciki shi ne jarin rayuwa gaba ɗaya, kuma idan ya narke babu sauran ƙarfin tara wani.

Yadda Turawa ke yin nasu

Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. Tsofaffin Faransa da dama suna komawa Maroko ko Senegal bayan sun yi ritaya, na Amurka kuma suna gangarawa Meziko da Panama. Wasu ƙasashen ma har biza ta musamman suka tanadar wa irin waɗannan baƙi. Panama tana neman mutum ya nuna yana da fanshon dalar Amurka 1,000 a kowane wata, Tailan kuma tana karɓar wanda ya kai shekara 50 idan ya ajiye bat 800,000 a bankinta ko yana samun bat 65,000 a wata. Sirrin abin guda ɗaya ne: kuɗi na shigo musu kowane wata, a kuɗi mai ƙarfi, su kuma suna kashewa a inda rayuwa ke da arha. Bafaranshen da ke karɓar yuro 1,000 ya tashi da kusan jika 656 ke nan, domin tun 1999 yuro ɗaya yake daidai da sefa 655.957. A nan Nijar kuwa mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun daga 2024.

Mu fa? Ma'aikacin gwamnati yana da CARENI, na kamfani yana da CNSS. Mai rumfa da mai tallan kifi da mai garkar tattasai ba su da kowa sai Allah sai abin da suka tara. Saboda haka tambayar farko ita ce: idan mun bar kasuwa, daga ina kuɗi za su riƙa shigowa, kuma a wane irin kuɗi?

Naira da sefa

Mu mutanen kwarin Komadugu ba sai an yi mana lacca kan canji ba, domin shekara da shekaru naira ce ke yawo a kasuwanninmu tare da sefa, kasancewar tattasanmu da kifinmu Najeriya suke tafiya. A 2014 jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba. A 2024, bayan gwamnatin Bola Tinubu ta sake wa naira mara a watan Yunin 2023, jika ɗaya ta haura naira 2,000. Ma'ana, wanda ya ɓoye naira miliyan 1 a 2014 yana riƙe da kusan sefa miliyan 3 ne, amma da ya fito da ita bayan shekara 10, ba za ta ba shi ko jika 500 ba. Bai yi caca ba, ɓarawo bai shiga masa ba, amma dukiyarsa ta zube.

Wannan ne ya sa wanda ke samun sefa yake ganin Najeriya ta yi arha. Akwai gaskiya a ciki, amma da sauran magana. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, har hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024. Ke nan wani ɓangare na ribar canjin yana ƙarewa a wurin mai masara da mai gidan haya. Haka kuma kada mu ɗauka sefa ba ta faɗuwa. Dattawanmu suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari an karya darajarta da rabi. Sannan ga canjin takardun naira na 1984 da na farkon 2023, wanda ya bar mutane da dama riƙe da kuɗin da ake ƙin karɓa a kasuwa.

Darasin a nan shi ne kada tsoho ya jingina da tsabar kuɗi kaɗai, kowace iri ce. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce uwargida ta sayar da komai ta haɗa sefa miliyan 3, tana kashe jika 50 a wata. Cikin wata 60, wato shekara 5, ta cinye, ko da farashi bai motsa ba, ko da ba ta kwanta ciwo ba. Amma a ce ta bar ɗakuna 3 a Diffa ana ba ta hayar jika 15 kowanne, ga ƴan tumaki a hannun amintacce, ga rumfa da ɗa ko ɗiya ke juyawa ana cire mata wani abu. Kuɗin ba su da yawa, amma suna zuwa, kuma uwar kuɗin tana nan. Guntun gatarinka, in ji masu magana, ya fi sari ka ba ni.

Iyaka tana rufuwa

Kuɗin da ke shigowa daga gida sai hanya tana buɗe suke isa. A kan wannan ma tarihi ya ishe mu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, aka haɗa da fari, har mutane suka sa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka ta sake rufuwa, hada-hadar bankuna ta tsaya, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Sau uku ke nan cikin shekara 40. Duk tsohon da ke jiran aike daga ƙetare a irin wannan lokaci ya san yadda wata yake tsawo.

Don haka wanda zai tafi ya tanadi abin da zai riƙe shi aƙalla wata 6 ba tare da aike ba, kuma ya kasance yana da hanyar karɓar kuɗi fiye da ɗaya: kamfanonin aike irin su Nita da Al Izza da Amana a wannan gefe, da kuma ɗan kasuwa amintacce mai hulɗa a ɓangarorin biyu, wanda za a ba shi sefa a nan ya bayar da naira a can.

Asaga ta koya mana

Kilomita kaɗan gabas da Diffa, a bakin kogi, akwai Asaga. Gari ne biyu masu suna ɗaya, ɗaya a Nijar ɗaya a Najeriya, ruwa ne kawai ya raba su, dangi ɗaya, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. A wurin mutanen nan ƙetare kogi ba tafiya ƙasar waje ba ce. Amma a 2015 hare-haren Boko Haram suka tayar da su duka, na nan da na can, suka dawo bakin babbar hanya ta RN1 suna zaune cikin bukkoki. Kafin nan, a Nuwamban 2014, an ci Damasak, dubban mutane suka ƙetaro zuwa Gagamari da Shetimari. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kamun kifi. Ba a sassauta wa tattasai ba sai a 2017, kifi kuwa sai a 2019.

A cikin waɗanda suka gudu akwai dattawan da suka gina gida, suka tara garka da shanu a wuri ɗaya, suna ganin tsufansu ya gyaru. Waɗanda suka fi saurin samun tudun dafawa su ne masu ɗa a Diffa, ko ɗiya a Damagaram, ko ɗan fili a wani gari. Ba yaƙi kaɗai ke yin haka ba. Kasuwar Monday Market ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairun 2023, sannan a Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. Mu ma Komadugu ta cika ta ci gidaje da gonaki a 2019 da 2022. Babu garin da ya fi ƙarfin jarrabawa. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu sayar da gidan gado don mu sayi na can. A bar ƙafa ɗaya a gida.

Takarda kafin tafiya

Da yawa daga cikinmu mun saba ƙetarewa ba tare da an tambaye mu komai ba, shi ya sa muke raina takarda. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza na kwana 90 ne kawai. Zaman dindindin yana buƙatar katin zama. Kuma Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan waɗannan ƙasashe har zuwa wani lokaci, wanda ke nufin abu ne da zai iya canzawa. Nijar ma ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi a Janairun 2025, wadda ta shafi ƴan'uwanmu na ƙetare masu son zama a nan. A Najeriya kuwa layin waya yana buƙatar lambar NIN, asusun banki kuma BVN.

Wanda yake ganin an daɗe ana zaune lafiya ya tuna Gana. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su fice. Ƴan Nijar da ƴan Najeriya da suka tsufa a zangon Kumasi da Ankara suka karyar da kaya suka hau manyan motoci. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka, fiye da mutum miliyan 1 suka fita daga Najeriya. Ko a Sudan, inda Hausawa da Fulani suka kafa garin Maiwurno a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, jikokinsu sun ga rikicin jihar Bulunayil a 2022, sannan yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023.

Batun Makka kuma, mu faɗa wa juna gaskiya. Bizar Umra ko ta Hajji ba ta ba mutum izinin zama. Wanda ya maƙale ya zama abin farautar jami'ai, ga tara, ga tsarewa, ga korowa, kuma zuwa asibiti yana yi masa wuya saboda tsoron a tambaye shi igama. Izinin zaman dindindin da Saudiyya ta fito da shi a 2019 riyal 800,000 ne, kuɗin da ya haura sefa miliyan 100. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya je ya sauke farali, in da hali ya ƙara da Umra, ya dawo gida da mutuncinsa.

Lafiya da mutane

Abin da ya fi cin kuɗin tsoho magani ne. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ido ba sa jin labarin canji, kowane wata sai an saya. Maiduguri tana da babban asibitin koyarwa na jami'a, Kano tana da na Malam Aminu Kano, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na zama kusa da su ga mai ciwon da ke buƙatar ƙwararru. Amma a tambayi kuɗin ganin likita da na gwaji da na magani tun kafin a tashi, a ware musu kasonsu daban da na abinci. Sai kuma tambayar da ba a son yi: idan an kwanta, wa zai yi jinya? Arhar masara ba ta ɗaga mutum zuwa bayi. Garin da mutum yake da ɗa ko ƙanwa ko tsohon abokin ciniki na amana ya fi garin da ya fi arha amma babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da safe.

Ga iyayenmu mata muna da ƙarin jan hankali. Duk fili ko ɗakin da aka saya da kuɗinku, a rubuta da sunanku, a gaban shaidu da mai unguwa, a kai wa hukuma ta buga hatimi. Zinariyar da aka tara da adashe kada a narkar da ita gaba ɗaya saboda ginin da ke ƙasar da ba a da takardar zama. Kuma a sanar da ƴaƴa abin da aka mallaka a kowane gefe, da bashin da ake bi da wanda ake bin mutum, don kada gado ya zama shari'a tsakanin ƙasashe biyu.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce a gwada kafin a yanke. A kama hayar ɗaki na wata 6 ko shekara 1, a ga damina a ga rani, a rubuta abin da ake kashewa kowace rana kamar yadda muke rubuta bashin abokan ciniki. Idan abin da ke shigowa daga gida ya riƙe mutum har ya rage, takardu sun cika, ga mai jinya kusa, to bismilla, a zauna. Idan lissafi bai fita ba, an yi asarar kuɗin haya ne kawai, gida da rumfa suna nan suna jira. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya zaunar da kwarin Komadugu da maƙwabtanmu lafiya, amin.